Asalin "kominiti kwaleji" da ake tallata wa yaranmu

Kwanakin nan iyaye a Agege da Idi-Araba suna yawan tambayarmu game da makarantun Amurka da masu haɗa takardun tafiya ke tallatawa, wato kwalejin al'umma. An ce arha ce, yaro ya yi shekara biyu sai ya tsallaka babbar jami'a. Akwai gaskiya a ciki, amma kafin wani ya sayar da fili a gida, gara mu san domin wa aka gina waɗannan makarantu tun farko.

Wadda ake ɗauka ta fi daɗewa cikin na gwamnati ita ce ta garin Joliet, kusa da Shikago. An fara ta a 1901 da ɗalibai shida, a cikin makarantar sakandaren garin. Shugaban sakandaren, J. Stanley Brown, shi ya haɗa kai da shugaban Jami'ar Shikago, William Rainey Harper. Ba tausayin talaka kaɗai ya motsa Harper ba. A ganinsa karatun shekara biyun farko ci gaban sakandare ne, yana cinye wa manyan malamai lokacin bincike, don haka gara a yi shi a wani wuri, jami'a ta karɓi waɗanda suka yi fice. Ke nan tun ran gini makarantar ƙofa ce ga wanda ba shi da hali, kuma rariya ce a hannun jami'a.

A 1907 jihar Kalifoniya ta ba makarantun sakandare izinin ƙara irin wannan karatu, garin Fresno ya fara a 1910. Da harajin mutanen yankin ake tafiyar da su, kamar yadda ake tafiyar da sakandare. A riƙe wannan, domin nan ne asirin arhar yake.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu abin ya bunƙasa. Dokar 1944 ta biya wa tsofaffin sojoji kuɗin karatu, makarantu suka cika maƙil. A 1947 kwamitin da Shugaba Truman ya kafa ya ba da shawarar a kafa irin waɗannan kwalejoji kusa da gidan kowa, karatu kyauta har shekara biyu bayan sakandare. Rahoton kwamitin ne ya yaɗa sunan kwalejin al'umma. A shekarun 1960 kusan kowane mako sai an buɗe sabuwa. Tsarin Kalifoniya na 1960 ya raba aiki ƙarara: babbar jami'ar jihar ta ɗauki kashi ɗaya cikin takwas na waɗanda suka fi ƙoƙari a sakandare, manyan kwalejojin jiha su ɗauki kashi ɗaya cikin uku, kwalejin al'umma kuwa ta buɗe wa kowa.

A wannan shekarar ce wani masani, Burton Clark, ya binciki wata kwaleji a San Jose, ya faɗi abin da bai yi wa mutane daɗi ba. Ya ce da yawa suna shiga da burin digiri, sai makarantar ta riƙa sanyaya musu gwiwa a hankali, da azuzuwan share fage da shawarwarin malamai, har su haƙura da ƙaramar takarda ko su bari. Har yau maganarsa ba ta mutu ba. Binciken shekarun baya-bayan nan ya nuna mafi yawan masu shiga suna cewa digiri suke nufi, amma waɗanda ke samunsa cikin shekara shida ba su kai ɗaya cikin biyar ba. Ba duka laifin makaranta ba ne, domin yawancin ɗaliban ma'aikata ne, wasu masu iyali. Sai dai mai talla ba ya kawo wannan lissafi.

Ita ma kyautar ba ta ɗore ba. A 1978 masu zaɓe a Kalifoniya suka rage harajin gidaje, kuɗin kwalejoji ya ja baya, a 1984 aka fara karɓar dala 5 a kan kowane ma'aunin darasi. Daga 2012 ya zama dala 46. Wannan farashin ɗan jiha ne. Yaron da ya taso daga Legas kuɗin baƙo zai biya, wanda ya ninka haka sau da yawa. Tallafin Pell na gwamnatin tarayya, wanda ya samo asali a 1972, bai shafi mai bizar karatu ba. Haka shirin karatu kyauta da jihar Tennessee ta fara a 2015, na 'ya'yan jihar ne. Yawancin kwalejojin ba su da ɗakin kwana, ga haya, ga inshorar lafiya, kuma doka ta taƙaita wa baƙon ɗalibi aiki zuwa awa 20 a mako a cikin makaranta. Duk wanda ya ce yaro zai yi aiki ya biya wa kansa komai, yaudara ce. Da haka ma, sau da yawa ta fi fara jami'a kai tsaye sauƙi, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Ta fuskar inganci, tsufan makaranta ba shaida ba ne. Kwalejin birnin San Francisco tun 1935 take, a da tana cikin mafiya girma a ƙasar, amma a 2013 hukumar tantancewa ta yanke shawarar janye mata amincewa saboda matsalolin kuɗi da shugabanci. Aka shiga kotu, ba a rufe ta ba, sai a 2017 aka sabunta mata amincewar, bayan ɗalibai da yawa sun watse. Inda babu wannan amincewa, jami'a na iya ƙin karɓar darussan da yaro ya ci, kuɗi ya bi ruwa.

Saboda haka muna shawartar iyaye su ƙyale hoton gini da ciyawa. A shiga shafin College Navigator na ma'aikatar ilimin Amurka, a ga wace hukuma ta tantance makarantar, nawa ke kammalawa, nawa ke tsallakawa jami'a. A tabbatar tana da izinin ba baƙo takardar I-20, a kuma bincika halin da bizar karatu ke ciki ga 'yan Najeriya kafin a biya ko sisi. Sannan a nemi rubutacciyar yarjejeniyarta da jami'ar da ake hari, a kan kwas ɗin da yaro zai karanta. A Kalifoniya akwai shirin da ke ba da tabbacin gurbi a rassa shida na jami'ar jihar, amma Berkeley da UCLA, waɗanda masu talla suka fi ambata, ba sa cikinsu.