"To" Ba Izini Ba Ce: Abin Da Ya Faru A Tenerif A 1977



Duk wanda ya zauna a Agege ya saba da ƙarar jirgin sama, har mukan dakata da hira sai ya wuce. Akwai wani dattijo maƙwabcina da ya yi aiki a hasumiyar filin jirgi har ya yi ritaya. Ƙorafinsa kullum shi ne kowane matuƙi gani yake jirginsa kaɗai ne a sama. Su kuma matuƙa, in ji shi, cewa suke na hasumiya yana zaune bisa kujera, bai san zafin mai shawagi mansa na ƙonewa ba. Hirarsa ce ta sa na bi tarihin wannan 'yar tsama, har ta kai ni ga hatsarin Tenerif.

Ranar Lahadi 27 ga Maris 1977 bam ya tashi a filin jirgin Las Palmas, a tsibiran Kanari na ƙasar Sifaniya. Sai aka karkatar da jirage zuwa ƙaramin filin Los Rodeos da ke tsibirin Tenerif, ciki har da Boeing 747 guda biyu, na KLM daga Holan da na Pan Am daga Amurka. Fili ya cika maƙil, hazo ya sauko, kuma babu na'urar da ke nuna wa hasumiya inda jirage suke a ƙasa, sai abin da suka ji ta rediyo. Kyaftin ɗin KLM, van Zanten, yana cikin gaggawa, domin dokar ƙasarsa ta ƙayyade awannin aikin matuƙi, kuma nasa sun kusa cika.

Da KLM ya isa bakin titin tashi, hasumiya ta karanta masa hanyar da zai bi bayan ya tashi, amma ba ta ba shi izinin tashin ba. Mataimakin kyaftin ya maimaita, ya ƙara da wata magana mai harshen damo, wadda za a iya ɗauka "muna wurin tashi" ko "muna tashi". Na hasumiya ya amsa da "oke", wato "to", sannan ya ce su jira zai kira su. A daidai wannan lokaci matuƙan Pan Am suka yi magana cewa suna kan titin har yanzu. Muryoyin biyu suka haɗu suka zama ƙara, na KLM ba su ji komai sosai ba sai "to" ɗin nan. Injiniyan jirgin ya tambaya ko Pan Am ya bar titi, kyaftin ya ce ƙwarai, shi kuma bai sake musu ba. Mutum 583 suka mutu, 61 suka tsira, dukkansu daga Pan Am. Har yau ba a yi hatsarin jirgi da ya kai shi asarar rayuka ba.

Abin bai tsaya nan ba. A Janairun 1990 jirgin Avianca daga Kolombiya ya yi shawagi fiye da awa guda yana jiran sauka a Niyok. Matuƙan sun faɗa cewa mai na ƙarewa, amma ba su furta kalmar neman agajin gaggawa da na hasumiya ke jira ba, sai aka ci gaba da bi da su a layi. Mai ya ƙare, jirgi ya faɗi, mutum 73 cikin 158 suka rasu.

Daga irin waɗannan ne aka gyara ƙa'ida. Yanzu ba a furta kalmar "tashi" sai wajen ba da izini ko soke shi. Matuƙi zai maimaita umarnin da ya ji, na hasumiya ya saurara ya gyara. Ana koya wa na ƙasa ya yi magana ko da kyaftin ya girme shi. Daga 2008 kuma hukumar ICAO ta wajabta wa ɓangarorin biyu wani matakin iya Turanci a zirga-zirgar ƙasa da ƙasa.

Mu da ke zaune cikin masu wani harshe mun san wannan a kasuwa. Bahaushe kan ce "to" yana nufin "na ji", abokin ciniki ya tafi da cewa an sallama, gobe a wayi gari gaban Sarkin Hausawa ana rantse-rantse. Na gaya wa dattijon nan haka, ya yi dariya ya ce, "Ɗana, ku kuna da gobe, mu kuwa daƙiƙa muke da ita." Shi har yanzu in ka yi masa kwatancen gida, sai ya maimaita maka kafin ya tafi.

Allah ya kiyaye mu, ya kai matafiyanmu lafiya.