Daga garka zuwa baƙar leda: tarihin abin da kake dasawa a Palladan

Da zarar ruwa ya zauna a Zariya, wajen ƙarshen Yuni zuwa Yuli, kasuwar masu renon itatuwa ta buɗe ke nan. Idan ka biyo titin Sakkwato daga Kwangila, ka wuce Hanwa da Palladan ka nufi Samaru, za ka riƙa ganin baƙaƙen ledoji jere a bakin hanya: ga mangwaro, ga gwaiba, ga lemo, ga furanni. To kafin ka tsaya ciniki, ka san cewa da wuya ka samu ɗaya a cikinsu da asalinsa na ƙasar nan ne.

Mangwaro ɗan Indiya ne da maƙwabtanta, lemo ma daga Asiya ya fito. Gwaiba da gwanda daga nahiyar Amurka suke, haka tumatir da barkonon da ba ka iya cin miya sai da su. Kashu na Birazil ne. Kai, har zogalen da ake yi wa kallon ɗan gida, tushensa Indiya.

Amma fa kada wannan ya sa ka ɗauka Turawan mulki ne suka koya wa Zazzagawa lambu. Tun kafin su zo akwai garka, wato ɗan filin da ake shingewa a jikin gida a zuba kuɓewa, yakuwa, rama da kabewa, akwai kuma lambun fadama da ake ba ruwa da jigo lokacin rani. Bature matafiyi Hugh Clapperton, da ya shiga birnin Zariya a 1826, ya ambaci gwanda da dabino cikin abubuwan da ya tarar. Ka ga ke nan gwandar Amurka ta riga mulkin mallaka isowa da kusan shekara 80, ko ma fiye, ta hannun fatake. Sunanta ma shaida ne: gwandar daji ce tamu ta asali, baƙuwar kuwa a da gwandar Masar ake ce mata, kamar yadda masara ta samo nata sunan. Bishiyar da birnin ya yi suna da ita kuwa rimi ce, har yau ga unguwanni suna amsa sunanta: Rimin Tsiwa, Rimin Doko, Rimin Danza.

Abin da ya sauya taswirar wannan yanki shi ne jirgin ƙasa. Layin dogo ya ratsa Zariya ya kai Kano a 1911, Sabon Gari ya tashi a gefen tasha, ma'aikata da 'yan kasuwa daga Kudu suka cika shi. A 1922 aka kafa tashar aikin gona a Samaru, wadda ta zama cibiyar binciken noma ta lardunan Arewa. Sai dai idan ka duba abin da ya fi cin hankalin masu binciken farko, auduga ce da gyaɗa, kayan da jirgi zai kwasa zuwa Ikko, daga can sai masana'antun Ingila. Garkar da uwargida ke tsinko ganyen miya a ciki ba ta kawo wa gwamnati kuɗin shiga, don haka ta zauna a gefe. A ganinmu wannan giɓi ne babba, tunda lafiyar gida a tukunyar miya take.

Itatuwan inuwa kuwa gwamnati ta sa musu hannu sosai. Dalbejiya, ita ma 'yar Indiya, ta shigo Najeriya ta lardin Barno wajen 1928, daga nan ta bazu har ta zama bishiyar bakin titi a ko'ina a Arewa. Bishiyar turare daga Ostareliya take. Ma'aikatan gandun daji sun so su ne don suna saurin girma, suna jure fari, suna ba da itacen girki da na rufi.

A 1962 aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello, tashar Samaru ta koma ƙarƙashinta ta zama Cibiyar Binciken Aikin Gona, IAR. Shi ya sa kake ganin SAM a farkon sunayen iri kamar SAMMAZ na masara, SAMNUT na gyaɗa da SAMPEA na wake: Samaru ake nufi. A 1964 aka kafa kwalejin koyon tuƙin jirgin sama a Palladan. Tsakanin jami'a a gefe guda da Sabon Gari a ɗaya gefen, gonakin da ke tsakiya suka yi ta komawa fulotai, har aka wayi gari garka ta zama ɗaki biyu da shago.

A nan kusa da kai aka yi wani bincike da ya kamata kowane mai lambu ya sani. A tsakiyar shekarun 1960, masanin tattalin arzikin noma David Norman da abokan aikinsa suka bi manoman ƙauyuka uku na lardin Zariya, Hanwa da Doka da Ɗan Mahawayi, suna rubuta aikin da aka yi da amfanin da aka samu. A lokacin, malaman gona na ɗaukar cakuɗa gero da dawa da wake a gona ɗaya a matsayin rashin wayewa, kowane iri a ba shi filinsa. Lissafin ya nuna manoman ne ke da gaskiya: cakuɗawar ta fi kawo amfani a kan fili ɗaya, ta fi biyan wahalar da aka sha lokacin noman ciyawa, kuma idan wani ya ƙi wani zai yi. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Saiwoyinsu ba zurfi ɗaya suke ci ba, ba lokaci ɗaya suke nuna ba, wake kuma yana samar wa kansa sinadarin naitirojin daga iska. Wannan dabarar ce ta garka: kuɓewa a tsaye, kabewa na rarrafe a ƙasa tana rufe danshi, zogale a jikin shinge.

Yanzu sai batun ledar da za ka saya. Mangwaro mai aure ya fi tsada, kuma da dalili. An ɗauko reshen bishiya mai daɗi ne an ɗaura a kan tsiron ƙwallo, don haka 'ya'yan za su fito irin na uwar, galibi cikin shekara 3 zuwa 4. Idan kuwa ka shuka ƙwallon irin su Julie da hannunka, za ka daɗe kana jira, kuma ba lallai ya fito yadda ka sha shi ba. Ka nemi tabon auren a jikin karan, kada ka binne shi a ƙasa. Ka kuma juya ganye ka duba bayansa, saboda dashe na ɗaya daga cikin hanyoyin da ƙwari ke tafiya. Tsutsar tumatir Tuta absoluta, wadda manoma suka laƙaba wa sharon, daga Kudancin Amurka ta taso, ta ɓulla a Sifaniya a 2006, zuwa 2016 ta yi ɓarnar da sai da jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir.

Abin da ya fi damunmu shi ne wanda ba ka cika gani a jeren ledojin ba: kuka, ɗorawa, tsamiya, kaɗanya, rimi. Laifin ba na mai reno ba ne, abin da ake tambaya yake shukawa. Da can waɗannan ba dasa su ake yi ba, da kansu suke fitowa a gona, manomi ya kare su daga garma da awaki. Idan gona ta zama fuloti, wannan hanyar ta toshe, tsofaffin na faɗuwa babu ƙanana a bayansu. Kaɗanya kan kai shekara 15 ko fiye kafin ta yi 'ya'ya, shi ya sa mutane ke gudunta. Kuka kuwa ba haka take ba idan ganye kake so. Ƙwallonta da na ɗorawa suna da taurin ɓawo, ruwa ba ya shiga da wuri, sai ka ɗan goga shi a dutse ko ka jiƙa shi a ruwan zafi ya kwana kafin ka shuka. A Mali da Nijar akwai masu shuka kuka kusa da kusa a fangali kamar alayyafo, cikin 'yan watanni su fara tsinkar ɗanyen ganye, suna datse kan don kada ta yi tsawo. Fangali ɗaya a bayan ɗakin girki ya ishe ta, kuma Yuli ne lokacin shukar.