Shamuwa da Lissafin Damina a Ƙasar Funtuwa da Malumfashi

Shamuwa na cikin tsofaffin alamomin da manoman kudancin Katsina suke gane ƙaratowar damina da su. Tana isowa ne a ƙarshen bazara, wajen watan Afrilu zuwa Mayu, gab da ruwan farko. Kafin zuwan rediyo da malaman gona, ganinta a kan rimi ko tsamiyar gari shi ne ke sa maigida ya ƙarasa sharar gona da kai taki, ya fito da irin dawa da gero. Malamai na da lissafin taurari, amma shamuwa kowa na iya karanta ta, har yaro.

Ita ce mafi ƙanƙanta a danginta, tsayinta kimanin santimita 75 ne. Bayanta da wuyanta baƙaƙe ne masu sheƙi, cikinta fari, gwiwoyi da yatsu ja. Lokacin hayayyafa fatar fuskarta kan yi shuɗi, da ɗan ja kusa da ido. Mace da namiji kusan kamarsu ɗaya. A 1823 masanin Jamus Lichtenstein ya shigar da ita littattafan kimiyya, ya raɗa mata sunan Abdim, wani gwamnan Turkawa a Sudan.

A nan arewa take haihuwa, daga Senegal har Habasha. Abin da ya bambanta ta da yawancin manyan tsuntsaye shi ne a tsakiyar mutane take zama. Takan yi sheƙar kirare a kan kuka ko rimi ko tsamiya, sheƙu da dama a bishiya guda, wani lokaci ma a kan jinkar ɗaki. Ƙwai biyu zuwa uku take yi, ta kwanta a kansu kimanin wata guda, 'ya'yan kuma su yi kusan wata biyu kafin su tashi. Da kaka ta kama sai ta nufi gabashi da kudancin Afirka, irin su Tanzaniya da Zambiya da Zimbabuwe, inda damina ke sauka daga Nuwamba. Ruwa take bi, ko kuma a ce farar da ruwa ke fitarwa.

Al'adar ƙauyuka ta hana a jefi shamuwa ko a taɓa ƙwanta, ana kuma ɗaukar saukarta a gida a matsayin alheri. Hanin yana da tushe a gona, domin abincinta fara ce da tsutsa, kuma mutanen da suka ga annobar fara ta shekarun 1930 ba sa bukatar a faɗa musu darajar mai cin fara.

Matsayinta ya fara raguwa da shigowar noman auduga na kasuwa. Bayan jirgin ƙasa ya iso Funtuwa a ƙarshen shekarun 1920, aka kuma kafa injinan gurzar auduga na kamfanin BCGA a Funtuwa da Malumfashi, sai lokacin shukar auduga ya koma bin ranar rabon iri da umarnin malamin gona. Farin 1973 da na 1984 sun nuna cewa shamuwa kan zo ruwa kuma ya yi jinkiri ko ya ɗauke bayan shuka. Daga baya masara da takin zamani suka mamaye yankin, sannan hukumar hasashen yanayi ta NiMet, wadda aka kafa a 2003, ta riƙa fitar da hasashen damina kowace shekara. Sare manyan bishiyoyin cikin gari saboda gini da itace ya rage mata wurin sheƙa, shi ya sa a yau an fi samunta a ƙauyukan da tsofaffin kukoki da tsamiyoyi suka tsira.