Jeren Mai Fukafukai: Daga Bagadaza zuwa Bakin Komadugu

Wanda ya tashi a N'Guelbély ko Diffa, dara ya sani: ramuka a cikin yashi da tsinke a hannu. Amma kwarin Komadugu ya taɓa sanin wani wasan. A bakin kogin nan Mai Ali Gaji ya kafa Birnin Gazargamu a ƙarni na 15, kuma manyan Barno sun daɗe suna buga shaɗaranji, wanda Barebari ke kira tsatsarandi. A 1934 wani Bature, C. K. Meek, ya rubuta labarinsa a mujallar Man. Abin sha'awa shi ne sunayen ƴaƴan wasan: akwai Mai, akwai Ciroma, akwai Kaigama. Fada ce sukutum aka ɗora a kan allo.

Sunan daga Larabci ya zo, don haka sai mu waiwayi Bagadaza ta ƙarni na 10. A wancan zamani sojan ƙasa gida ɗaya tak yake takawa, waziri ma haka, a karkace. Rundunonin biyu kan daɗe ba su haɗu ba, kowa na jera tasa. Wannan jeri shi Larabawa suka kira ta'abiya, kalmar da suka aro daga fagen fama.

Al-Lajlaj, almajirin As-Suli, ya fifita jeren da ake kira Mujannah, wato mai fukafukai. Taku 12 ne. Sojojin layi na uku da na shida su yi gaba gida biyu-biyu, dawakai su tsaya bayansu, sojojin tsakiya su matsa gida ɗaya su dakata. Dama da hagu sun zama daidai, abokin karawa bai san ta inda za a ɓullo masa ba. In ya tara ƙarfi a wannan gefe, sai a faɗa wa wancan. A ganina hikimar tana cikin jinkirin nan: mai wasa bai ɗaure kansa da shawara guda ba sai ya ga niyyar abokinsa.

Turawa sun sauya dokokin wajen ƙarshen ƙarni na 15, wasan ya yi sauri, aka manta da ta'abiya. Duk da haka, a New York a 1924, Richard Réti ya buɗe da doki, ya riƙe sojojin tsakiya a baya, ya kada Capablanca, wanda ya shekara takwas ba a ci shi ba.