Tarihin Buga Littafi a Makka: Takarda, Shafi da Bango

Buga littafi a Makka ya fara ne a shekarar 1300 ta Hijira, lokacin da gwamnan Turkawa na Hijaz, Usman Nuri Pasha, ya kafa maɗaba'ar gwamnati da aka fi sani da Miriyya. Wasu marubuta suna cewa 1882 ne, wasu 1883, kuma saɓanin na lissafi ne kawai, domin shekarar 1300 ta kama a watan Nuwamba na 1882 ta zarce har cikin 1883. Abin dogaro shi ne shekarar Hijira, wadda da ita mutanen garin suka rubuta tarihinsu. Saɓani na biyu ya fi wannan nauyi. Masu karatu da dama, daga Kano har zuwa unguwannin da Hausawa suka daɗe da zama a Makka irin su Rusaifa da Hindawiyya da Shara Mansur, sun tashi da Mus'hafin Madina a hannu, har ana ɗaukar cewa da shi Saudiyya ta fara buga Alƙur'ani. Makka ta riga Madina da shekara 36 a lissafin Hijira. Abin da wannan tarihi yake nunawa, tun daga farkonsa, shi ne cewa littafi yana samun karɓuwa ne ta hanyar hannun mai rubutu da tsarin shafi da irin takarda da ɗaurin bango, kuma zuwan injin shi kaɗai bai taɓa wadatarwa ba.

Miriyya ta yi aiki da haruffan dalma waɗanda ake jerawa ɗaya bayan ɗaya da hannu. Ta buga kundin shekara-shekara na lardin Hijaz, da littattafan malaman Harami irin su Sayyid Ahmad Zaini Dahlan, kuma tun a 1884 aka ɗora Sheikh Ahmad al-Fatani a kan sashen buga littattafan harshen Malay, saboda yawan ɗaliban Jawa da ke zaune a garin. Wannan ya nuna cewa tun asali kasuwar littafin Makka ta baƙi ce, alhazai da masu neman ilimi. Sai dai kantunan littattafai na Babus Salam sun ci gaba da cika da bugun Misra, musamman na gidan Babi al-Halabi, kuma dalilin yana cikin siffar littafin kansa. Takardarsa mai ruwan ɗorawa ce, mai arha, ba ta ɗaukar ido a hasken fitila. Ana sa sharhi ko hashiya a tsakiyar shafi cikin kewayen layi, a jera asalin littafin a gefe, ta yadda malami da ɗalibi suke ganin matani da bayaninsa a fuska ɗaya. Sau da yawa ba a ɗinke shi, ana barin sa ƙunshi-ƙunshi a cikin bango, ɗalibi ya zare ƙunshin darasin ranar ya tafi zaure da shi. Wannan siffa ce ta littafin hannu, injin kwaikwayonta kawai ya yi, kuma da ita aka yarda.

A 1327, wato 1909, Muhammad Majid al-Kurdi ya kafa maɗaba'a tasa ta kansa, Majidiyya, ya buga rubuce-rubucen malaman Makka da dama. Tarin littattafansa yana cikin Ɗakin Karatu na Makka da ke kusa da Harami. Ita kuwa maɗaba'ar gwamnati ta bi sauyin masu mulki: ta buga jaridar Hijaz a 1908, da Alƙibla ta Sharif Husaini a 1916, sannan Ummul Ƙura daga Disamba 1924 a zamanin Sarki Abdul'aziz, har ta ɗauki sunan wannan jarida. Duk tsawon wannan lokaci, Alƙur'anin da ake karantawa a Harami daga Istanbul da Bombay da Alƙahira yake zuwa.

Tambayar da ta cancanci tsayawa a kanta ita ce me ya sa garin da aka fara saukar da Alƙur'ani ya shafe kusan shekara 70 da injin bugu bai fitar da Mus'hafinsa ba. Amsar tana cikin rubutu. Rasmin Usmanu yana da ƙa'idojinsa na harafin da ake rubutawa ba a karanta shi, da wanda ake karantawa ba a rubuta shi ba, ga wasali da shadda da madda da alamomin tsayawa a sama da ƙasa. Haruffan dalma na yau da kullum ba sa ɗaukar wannan lodi da kyau, kuma idon musulmi ya saba da hannun gwanin rubutu. Shi ya sa Istanbul da Indiya suka bi hanyar bugun dutse, inda ake ɗaukar rubutun hannu kamar yadda yake a maimaita shi. Mai ja da wannan magana zai kawo Mus'hafin Alƙahira na 1342, wato 1924, na zamanin Sarki Fu'ad, wanda da haruffan dalma aka jera shi a maɗaba'ar Bulaƙ. Hujjarsa gaskiya ce, amma sai da kwamitin malamai ya shafe shekaru a kansa, kuma bayan an jera shi sai da aka kai shi hukumar safiyo ta Giza, mai injinan buga taswira, ta fitar da shi. Aikin da ya buƙaci ƙarfin daular Misra ya fi ƙarfin ƙaramar maɗaba'ar lardi.

Makka ta samu nata ne da ta samu marubuci. Muhammad Ɗahir al-Kurdi, haifaffen garin, wanda ya yi karatu a Misra kuma ya wallafa littafi a kan tarihin rubutun Larabci, shi ya rubuta Mus'hafin da hannunsa bisa rasmin Usmanu. Wasu attajirai da masu ilimi na Hijaz, cikinsu har da Muhammad Surur al-Sabban, suka kafa kamfani musamman domin bugunsa, malaman ƙira'a na Makka da Misra suka duba shi, ya fito a 1369 da sunan Mus'hafin Makka. A nan ma ana samun 1949 a wani wuri da 1950 a wani, saboda shekarar 1369 ta ratsa duka biyun. Shi ake lissafawa a matsayin Alƙur'ani na farko da aka buga a ƙasar Saudiyya, kuma al-Kurdi ya rayu har 1400, wato 1980.

Alhajin da ya fito daga ƙasar Hausa a wancan zamani ya zo ne da wata siffar littafi dabam. Alƙur'aninsa na ruwayar Warshu ne, fa tana da ɗigo a ƙasa, ƙaf tana da ɗigo ɗaya a sama, baƙaƙe da baƙar tawada, wasula da ja, hamza da ruwan ɗorawa, ga zayyana a wuraren hizifi da sumuni. Takardar da magabata suka fi amfani da ita a ƙarni na 19 daga arewacin Italiya take fitowa, mai tambarin jinjirin wata uku a cikin jikinta, irin ta gidan Galvani, tana ratso Sahara ta Tarabulus da Misra. Ba a ɗinke ta. Ana rubuta kalmar farko ta shafi mai zuwa a ƙasan na baya domin kada warƙoƙi su rikice, a haɗa su tsakanin tadarishi, a zura a gafaka. Da bugu ya yawaita a Kano a rabin ƙarshe na ƙarni na 20, wannan siffar aka riƙe: gwanaye irin su Sharif Bala na Gabari suka rubuta da hannu, aka ɗauki hoton rubutun aka buga. Bugun Misra da na Makka suna nan a kasuwa, amma tsangaya ta zaɓi shafin da ya yi kama da allonta.

A 1405, wato Oktoba 1984, aka buɗe Cibiyar Sarki Fahad ta buga Alƙur'ani a Madina, kuma daga nan nauyin aikin ya bar Makka. Mus'hafinta na hannun Usman Ɗaha ne, mutumin yankin Halab a Siriya: shafi 604, layi 15 a kowane shafi, kowane shafi yana ƙarewa da ƙarshen aya, juzu'i yana cin kusan shafi 20, izu kusan 10. Turkawa sun riga sun yi wannan tsari a Mus'hafan mahaddata, Madina ta gyara shi ta daidaita. Takardar siririya ce don kada littafin ya yi nauyi, amma tana riƙe tawada, an kuma ɗinke shi a bango mai ƙarfi. Za a iya cewa kuɗi ne suka yi aiki, tunda miliyoyin kwafi ake bugawa duk shekara kuma ana ba kowane alhaji kyauta. Kyautar ta kai shi gidaje, babu musu. Abin da ya zaunar da shi a hannun masu hadda kuwa shi ne cewa aya ba ta sauya mazauni: ƙaramin kwafi da babba, na Makka da na Maraɗi, duk wuri ɗaya take, mai hadda yana tuna ta da kusurwar shafinta. Cibiyar da kanta ta amince da ƙarfin sabo, domin ta fitar da Mus'hafin Warshu da alamomin mutanen Magrib, da wani a rubutun da mutanen Pakistan da Indiya suka saba, ta kuma buga tarjamar Hausa ta Sheikh Abubakar Mahmud Gumi.

A Makka ta yau, abin da ya fi yawo a hannun alhazai shi ne ƙananan littattafan aikin Hajji da addu'o'i cikin harsuna da dama, har da Hausa. Manhajojin waya da dama kuwa shafi 604 ɗin nan na Mus'hafin Madina suke nunawa, ba su taɓa tsarinsa ba.

Shekarun da ya kamata mai karatu ya riƙe su ne 1300 ga Miriyya, 1327 ga Majidiyya, 1369 ga Mus'hafin Makka, 1405 ga Cibiyar Madina. Masu buga littattafan addini da na makaranta a Kano da Zariya da Sakkwato kuwa, ya kamata su ɗauki darasin da gaske: a zaɓi takardar da rubutun baya ba ya ratso ta, a ɗinke littafin da za a yi shekaru ana buɗewa maimakon a liƙe shi da gam, a kuma daina sauya tsarin shafi daga bugu zuwa bugu. Gidajen Hausawa na Rusaifa da sauran unguwannin Makka da suke da tsofaffin bugun Miriyya, ko Mus'hafin 1369, ko na hannu a gafaka, su adana su nesa da danshi da gara, domin su ne shaidar wannan tarihi.