Hukumar da Ke Auna Aikinta da Makonni

A Ingila, mallakar fili ba ta ba mutum damar gina abin da ya ga dama. Tun daga dokar tsara birane da karkara ta 1947, yawancin gine-gine sai da izinin ƙaramar hukuma. To idan ta ce a'a fa? Sai mai fili ya ɗaukaka ƙara, takardarsa ta nufi hukumar da ake kira Planning Inspectorate, mai hedkwata a birnin Bristol.

Asalinta ya faro ne daga dokar gidaje da tsara birane ta 1909. Shekaru da dama sufeton hukumar ɗan aike ne kawai: ya je ya saurari kowane ɓangare, ya rubuta rahoto, minista ya yanke hukunci, mai ƙara kuwa ba lallai ya ga rahoton ba balle ya san inda aka kayar da shi.

Abin da ya tayar da ƙura wani fili ne a Crichel Down, cikin yankin Dorset. Gwamnati ta karɓe shi a 1938 don atisayen jefa bama-bamai, bayan yaƙi kuma ma'aikata suka yi ta hanya-hanya, suka ƙi mayar wa magadan masu shi. Maganar ta ci kujerar ministan noma, Thomas Dugdale, a 1954. Kwamitin Franks da aka kafa bayan nan ya fitar da rahotonsa a 1957, ya ce dole irin binciken da sufetoci ke yi ya tsaya a kan abu uku: a yi shi a fili, bisa adalci, ba son kai. Daga nan aka fara sakin rahotanni da bayyana dalilan hukunci. Dokar 1968 kuma ta ba sufetoci ikon yanke wasu ƙararraki da kansu, a yau kusan duka su ke yankewa.

Sai batun tafiyar hawainiya. A 1988 gwamnatin Margaret Thatcher ta ɓullo da tsarin yanko sassan ma'aikatu a mai da su hukumomi masu shugabansu, da kasafinsu, da alkawarin da za a riƙe su da shi. A watan Afrilun 1992 aka yi wa sufetocin haka. Tun daga nan, kundin tsare-tsarenta na shekara ya koma kamar na kamfani, tambayar da ke bin ta kullum ita ce: mako nawa?

An fi ganin tasirin wannan a ƙananan ƙararraki. A 2009 aka buɗe hanya ta musamman ga magidancin da aka hana, alal misali, ƙara ɗaki a bayan gidansa. Ba zaman sauraro, komai a rubuce. Sufeto ya karanta takardun, ya zo ya tsaya a farfajiyar, ya duba ko sabon bangon zai tare wa tagar maƙwabci haske. Ko maigida ya so jan sa da hujja a wurin, ba zai biye masa ba, don ƙa'ida ta hana. Burin da aka sa a lokacin shi ne hukunci ya fito cikin mako 8.

Manyan ƙararraki ne suka ƙi daɗi. A 2012 aka ɗora wa hukumar nazarin manyan ayyukan ƙasa irin su tashoshin lantarki da manyan hanyoyi, kaya ya ƙaru. Da masaniyar tattalin arziki Bridget Rosewell ta binciki lamarin, rahotonta na 2019 ya gano cewa ƙarar da ta kai ga cikakken zaman bincike tana cin mako 47, kusan shekara ke nan. Ta ce a dawo da ita mako 24 zuwa 26. Daga cikin shawarwarinta akwai: a naɗa sufeto da wuri, a sa ranar zama tun farko, a daina barin lauyoyi suna ɗage ta don jin daɗinsu.

Annobar korona ta 2020 ta kwashe zaman daga zaurukan ƙananan hukumomi ta kai shi intanet. Ran 1 ga Oktoban 2021 kuma yankin Wales, wanda shi ma a da yake ƙarƙashin hukumar, ya ware ya kafa tasa, Bristol ta rage da Ingila kaɗai.