Daga Yamaha 100 Zuwa "Boko Haram": Tarihin Babur a Ƙaura, Shinkafi da Zurmi

1/ Jama'a ku matso, yau zare ne kan tsofaffin babura: Yamaha 100, Suzuki 100, Honda Roadmaster da Vespa, waɗanda ke kwance a zaurukanmu ƙura ta rufe su. Ni ɗan Ƙaura ne, kuma duk hutun makaranta tada irinsu nake yi a gida. Bari ku ji tarihinsu. 🧵

2/ Mu faro daga tushe. A 1929 layin dogo daga Zariya ta Gusau ya iso Ƙauran Namoda, nan kuma ya tsaya. Gyaɗa da auduga daga yankin Shinkafi da Zurmi sai an kawo su tashar Ƙaura bisa jakuna da raƙuma. Daga baya keke ya shigo, mai Raleigh ya zama ɗan gayu.

3/ Babur ya yawaita ne lokacin kuɗin fetur. A 1974, zamanin Janar Gowon, kwamitin Udoji ya ba da rahoton ƙarin albashi, aka biya ma'aikata har da ariyas. Malamin firamare, malamin gona, malamin asibiti, da yawansu babur suka fara saye.

4/ Lokacin nan, jin ƙarar babur a ƙauye albishir ne. Ko dai mai allurar rigakafi ne, ko malamin gona, ko ɗan gari da ya samu aikin gwamnati ya zo gaida iyaye. Yara su bi shi da gudu har ƙofar gida. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

5/ Kowane babur da mutanensa. Yamaha 100 da Suzuki 100 na Japan ne, suna ƙona man 2T tare da fetur, shi ya sa salansarsu ke hayaƙi. Kayan cikin injin kaɗan ne, bakanike a gindin bishiya zai kwance shi da safe ya ɗaure kafin la'asar.

6/ Roadmaster kuwa silinda biyu gare ta, ga nauyi, ga murya mai kauri. Ta manya ce. Vespa, wadda kamfanin Piaggio na Italiya ya fara ƙerawa a 1946, ita ce ta Alhazai da malamai: giya a hannu, tayar safiya a jiki, kuma babbar riga ba ta shiga sarƙa.

7/ Sai 1986 ta zo, gwamnatin Babangida ta kawo SAP. Naira da ke kafaɗa da kafaɗa da dala ta faɗi. Sabon babur ɗan Japan ya gagari ma'aikaci. Wanda ke da tsoho ya riƙe shi gam, wasu kuma suka fara kabu-kabu da nasu don a samu na cefane.

8/ A nan kanikawanmu suka goge. Babu sabon kaya, sai dabara: a faɗaɗa silinda a sa fistin mai girma, a yanka gasket da kwali, a haɗa babura biyu matattu a tada ɗaya. Abin da mu yanzu muke yi don sha'awa, su dole ce ta koya masu.

9/ Daga ƙarshen shekarun 1990 'yan China irin su Jincheng suka cika kasuwa da araha, sannan Bajaj Boxer ta Indiya ta biyo baya. Aka jingine tsofaffin a zaure. Da yawa 'yan gwangwan suka auna a kilo suka tafi da su.

10/ Yanzu mu koma kan ƙarar nan. A 2011 Honda ta fito da Ace 125, mai ƙarfi da jure daji. 'Yan bindiga suka rungume ta, har mutane suka laƙaba mata suna "Boko Haram". Yau a ƙauyukan Zurmi da Shinkafi, ƙarar babura da yawa da dare na nufin kowa ya yi ta kansa.

11/ A Satumban 2021 gwamnatin Bello Matawalle ta rufe kasuwannin mako, ta taƙaita sayar da fetur da hawan babur da dare, aka kuma katse layukan waya. Kasuwar Shinkafi ta ranar Alhamis ta tsaya. Ɗan kabu-kabu da bakanike, waɗanda ba su ci ba su sha ba, su ma dokar ta hau kansu.

12/ Ƙannenmu da aka haifa cikin wanga hali babur ɗaya suka sani: na tsoro. Wannan ne ya sa nake ɓata hutuna kan Yamaha 100 ɗin baffana, wanda ya yi shekaru yana zuwa koyarwa da ita a hanyar Zurmi.

13/ Aikin ba na gaggawa ba ne. Na wanke tanki daga tsatsa, na kwance kafireta, na sa sabon filogi da ringi, mai ɗinkin kujera ya sabunta sirdi. Fenti na mayar mata da ja irin nata na asali. Ranar da ta tashi, baffa ya daɗe tsaye yana saurare, sannan ya fara lissafo mani sunayen ƙauyukan da ta kai shi. Wasunsu yau kufai ne.

14/ Shawara ga mai son farawa: ɗauki hoton komai kafin ka kwance. Kada ka yar da tsohon kaya, na asali ya fi jabu ko ya tsufa. Nemi tsohon bakanike a unguwarku ka zauna kusa da shi, domin abin da ke kansa babu shi a YouTube. Ka kuma adana takardun babur, ka san halin da ake ciki a shingayen hanya.

15/ In akwai irinta a gidanku, kafin ɗan gwangwan ya yi mata kuɗi, tambayi mai ita: a wace shekara ya saya, nawa, ina da ina ta je? Rubuta amsar, ka ɗora mana hoton a ƙarƙashin wannan zare.

Allah Ya dawo mana da zaman lafiya a Zamfara. Amin. 🤲